Gidan 'Yan Hanya

Tun ranar da aka kai ni gidan mijina a unguwar Milezi nake jin tsoron bangon ɗakina. Ba wani abu ya yi mini ba. Bango ne na ƙasa, irin wanda a nan muke ce wa potopoto, an yaɓe shi sumul, har da 'yar alkuki ta ajiye fitila. Amma daminar farko da na yi a ciki na ga yadda ruwa ke lasar gindinsa, yana tafiya da shi kaɗan-kaɗan zuwa kwata. Da na haihu sai abin ya ƙaru. In hadari ya haɗo daga gabas sai in ɗauke yarinya daga kan gado in goya ta, in tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ko tuwo nake tuƙawa, kunnena yana wajen bangon nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba rashi ya hana mu gini ba. Maigidana faci yake yi a bakin babban titi, manyan motoci kuma sun fara yawa, yana samu daidai gwargwado. A unguwar Paris-Congo inda na tashi, wanda bai kai shi samu ba ma yakan sayi bulo biyu-uku ya jingine a tsakar gida har su isa ɗaki. Wata rana yana wanke baƙin taya daga hannunsa na tambaye shi, mu yaushe za mu sa bulo?

Ya ce, "Mu ba ma sa bulo."

Na ce, "Haram ne?"

Ya yi dariya, ya ce in zauna. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa zai je Makka, shi da matarsa da wasu mutanen garinsu. Da suka iso bakin kogin nan matar ta kwanta ciwo. Bulama na wancan zamani, wato mai unguwa, ya nuna musu gindin wata tsamiya ya ce su zauna har ta samu sauƙi. Ba ta samu ba. Shi ma tsohon bai wuce ba, amma har ya mutu bai yarda ya zauna ba. Ya bar wasiyya: kada a yi gini da siminti, kada a yi wa wurin takarda. Wanda ya gina abin da zai daɗe ya kwance niyyarsa ke nan. Wanda kuwa mutuwa ta same shi da niyya a ɗaure, a kan hanya ya mutu, ladan mahajjaci gare shi. Shi ya sa duk bayan damina ake kwaɓa ƙasa a sake yaɓe, kamar masu gyaran zango.

Mai riƙe da wasiyyar nan a lokacina shi ne surukina, Baba. Ɗinkin hula yake yi a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidanmu, wadda duk unguwar babu itace kamarta. Mutum ne mai sanyin hali. Bai taɓa kiran sunana ba, "'yar nan" yake ce mini, in ya dawo daga masallacin Juma'a kuma sai ya ajiye mini dabino a kan turmi ya wuce kamar ba shi ba. Rabin gidajen layinmu irin namu ne, jikokin waɗanda suka zo tare da kakan. 'Yan hanya ake ce mana.

A shekarun nan ba a kiran sunan shugaban ƙasa a layinmu. "Mutumin" ake cewa, a ɗan ɗaga haɓa sama. Ya shigo gari da bindiga ina 'yar yarinya. Aka yi zaɓe ya ci, aka sake ya ci, da doka ta ce wa'adinsa ya kusa cika sai aka gyara dokar. Rediyo kuma ta ce an sami man fetur a kudu, Nasara za su ja shi ta bututu har bakin teku, kuɗin kuma na asibiti ne da makaranta. Muka zuba ido. Wuta ba ta zo ba, ruwa har yau a kura muke saye. Abin da ya zo shi ne motoci masu baƙin gilashi marasa lamba, da benaye a bakin kogi masu katanga ta fi ta masallaci tsawo. In ka tambaya na waye, sai a ce na ƙanin wane ne, ko na surukin wane, a ɗaga haɓa.

Ni na fara lura da motar da ke tsayawa a ƙarshen layinmu. Mutanen ciki sukan fito su tsaya da hannu a ƙugu. Ba sa gaida kowa, ba ma sa kallonmu. Kogi suke kallo, su juya su kalli titi, ɗaya ya miƙa hannu ya ja layi a iska daga can zuwa can. Na gaya wa maigida, ya ce ni dai da tsoro, inuwata ma sai ta firgita ni.

Wadda ta yarda da ni ita ce maƙwabciyata, wata mata daga wajen Maraɗi mai fataucin atamfa da turare tsakanin Nijar da nan. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Gidanta na bulo ne, da takardarta. Bakinta ba ya hutawa.

"Amaryar 'yan hanya, yaushe tafiya? In ba ki jarka ki ɗebo mini zamzam?"

"Yaya, ki bari mana."

"Mi zan bari? Kakan mijinki ya tashi Makka tun Nasara na bisa doki, har yau bai ƙetare gulbi ba. Jirgi ya zo, mota ta zo, ku kuna nan kuna kwaɓa laka." Sai ta rage murya. "Ke, bar wasa. Masu baƙin gilashin nan ba iska suka zo sha ba. Ki matsa ma mijinki ya je ya yi takarda."

Na matsa masa. Da safe na yi magana, da rana na yi, har ya daina cin abinci a gabana. Ranar da ya gaji, bayan la'asar, ya je ya tsuguna gaban Baba a gindin tsamiya. Ni kuma na ɗauki faifai na tsaya bayan zana ina bakacen shinkafa.

Baba ya ce, "Takardar me?"

"Ta fili, Baba. Don a san namu ne."

"Namu ne?" Na ji ya ciji zare ya tsinke. "Ubana aro aka ba shi. Yanzu kana so in je gaban hukuma in dangwala yatsa cewa na zauna? In mutuwa ta zo mini gobe, wa za ta tarar, mahajjaci ko mai gida?"

"Zamani ne ya canza, Baba."

"Makka ta tashi daga inda take?"

Sai Baba ya ɗaga murya kaɗan, ba da faɗa ba: "Wadda ta aiko ka, ka ce mata shinkafar nan ta fita tun ɗazu. Kada ta zubar wa kaji."

Na ruga ɗaki da kunya. Maganar takarda ta mutu a nan.

Ana gab da wani zaɓe bulamanmu ya bi gida-gida da atamfa mai hoton mutumin. Ya ce kowace mace ta ɗinka, ranar Asabar za a aza harsashin wani babban aiki a filin da yara ke ƙwallo, bayan layinmu, ana son masu guɗa. An buga fuskar da girma, yadda in kin ɗaura zani dole wani sashe nata ya faɗo a mazaunai. Yaya ta juya a gabana ta ce, "Duba mini, bisa hancinsa nake zaune ko bisa kunne?" Muka yi dariya har da hawaye. Ina da ƙaramin ciki na biyu a lokacin, amma na je, don an ce wadda ba ta je ba za a sani.

An kafa rumfuna, sojoji sun kewaye. Akwai wani Banasare da hular kwano, rana ta mai da shi ja wur. Kusa da shi wani saurayi cikin farar shadda, wanda matan da ke bayana suka ce ɗan 'yar'uwar mutumin ne, kuma shi ne mai kamfanin da zai riƙa ajiye wa masu haƙar mai motocinsu da bututunsu. Suka ce bara war haka yana karatu a waje, kamfanin ma babu shi. Aka yi jawabi da Faransanci, aka maimaita da Larabci: aiki ga matasa, ci gaba ga unguwa. Duk sanda bulama ya ɗaga hannu sai mu rangaɗa guɗa. Ni kuwa Allah ya ba ni guɗa, tawa ta fi ta kowa tsawo, har Banasaren ya waiwayo ya yi murmushi.

Sai aka janye ƙyalle daga kan wani babban allo. Rubutun jiki ban iya karanta shi ba, amma zane ai ba ya bukatar makaranta. An zana wurin kamar yadda shaho zai gan shi daga sama. Ga kwanar kogi, ga titi, ga doguwar katanga, ga manyan motoci a jere a ciki. A kusurwa ɗaya, cikin katangar, ga wani babban itace, an zana ɗan ɗakin mai gadi a gindinsa. Na daɗe ina kallon itacen nan. Bulama ya ɗaga hannu, mata suka ɗauki guɗa, ni ban bi su ba.

Na ja hannun Yaya. "Waccan ba tsamiyarmu ba ce?"

Ta ƙanƙance ido.

Na ce, "Ina gidajen?"

"La ilaha illallahu," in ji ta. "Sun ɗora mini babbar mota bisa ɗaki."

Daga ranar nan zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in fita ƙarshen layi in duba, in dawo in tarar ta kama. In fara wanki in bar shi a ruwa. Na sauke jeren kwanukana na ɗaure a zani, na sake kwancewa don kada Baba ya gani, na sake ɗaurewa. Duk ƙarar babbar mota sai in leƙa ta zana. Maigida ya ce zane zane ne, gwamnati ta sha zana abubuwa ba ta yi ba, ina asibitin da aka zana mana? Na so in yarda da shi. Zaɓe ya wuce, mutumin ya ci, aka yi shiru wata da watanni, har na fara jin kunyar kaina.

Suka zo da hantsi, lokacin da maza suka fita nema. Wani da bokitin jan fenti, wani da takardu a manne a katako, sojoji a bayansu. A kowace ƙofa tambaya biyu suke yi da Larabci: dur ne ko potopoto, wato siminti ko ƙasa, sannan akwai takarda? Ina leƙe ta zana har suka iso gindin tsamiya. Mai takardun yaro ne matashi, har ya ɗan rusuna wa Baba.

"Abba, gidan nan na waye?"

Baba ya ajiye allura. Ya gyara zama, ya ba da amsar da ubansa ya yi ta bai wa duk wanda ya tambaya, amsar da a wurinsu ita ce abin alfahari.

"Na Allah ne, ɗana. Mu baƙi ne, muna kan hanyar Makka. Zango muka yada."

"Tun yaushe?"

"Tun zamanin ubana."

Sojojin suka tuntsire da dariya. Ban san sanda na fito ba, ko mayafi babu, na manta a gaban surukina nake. Na ce, "Malam, a nan aka haife shi! A nan aka haifi mijina, a ɗakin can na haihu, ga wani cikin!"

Ya kalle ni, ya kalli Baba. Ya ce, "Hajiya, mai gida ya riga ya yi magana." Ya sunkuya ya rubuta. Sannan ya nuna layin da bayan biro. "Duk haka kuke?"

Baba ya ce, "Duk wanda ka ga ɗakinsa na ƙasa ne, ɗan hanya ne. Iyayenmu tare suka zo."

Mai takardun ya sake rubutawa, wannan karon ya daɗe. Mai fenti ya ja jan gicciye a bangonmu, fentin yana tsiyaya. Da suka wuce Baba ya ɗauki allurarsa ya ce, "Yaron nan yana da ladabi." Bai san abin da ya yi ba. Ni kuma ban iya gaya masa ba, na shiga ɗaki na zauna a ƙasa.

Ba a daɗe ba magana ta fito. Masu gidan siminti da takarda za a ba su fili a Lamadji, can bayan gari ta arewa. 'Yan wucewa kuwa babu komai, don da bakinsu suka ce ba zaune suke ba, ba a biyan matafiyi kuɗin inuwar da ya huta. Har a rediyo aka faɗa, wai za a kwashe baƙin da suka mamaye bakin kogi. Mu ne baƙin.

Layinmu ya juya wa Baba baya. Matan da muke daka tare suka daina amsa gaisuwata da kyau. Wata ta ɗaga murya ta bayan katanga ta ce, "A gaida Alhajin da ya kai mu Makka ba guzuri!" Abin haushin, nata surukin ma da shi aka tambaya haka zai ce, Allah ne dai ya sa yana kasuwa ranar. A masallaci ana sallamewa mutane ke tashi su bar shi. Ya ci gaba da fita gindin tsamiya da hularsa, amma in na kai masa ruwa sai in ga allurar tana inda take tun safe.

Maza suka taru suka je wurin bulama. Suka tarar da sabon babur a ƙofarsa, ledar kujera ma ba a cire ba. Ya ce shi ma abin ya fi ƙarfinsa, daga sama ne. Suka je ofishin kamfanin, aka bar su a rana har azahar, sannan wani tafinta ya fito ya ce Nasara sun ce su fili babu kowa aka ba su, da sa hannu da hatimi, duk abin da ake biyan gwamnati sun biya, mai kuka ya je wurin gwamnati. A wurin gwamnati aka ce ai fili ya zama na kamfani. Wani mai shayi a cikinsu ya yi magana da ɗan jarida. Motar baƙin gilashi ta zo ta ɗauke shi, da ya dawo bayan 'yan kwanaki ko gaisuwa da hannu yake amsawa.

Gida ɗaya ne ya tsira a layin. Yana kan kwana, an gina shi baran nan, kowa ya san ba shi da takarda. Na ƙanwar wani babban soja ne. An ja masa jan gicciye kamar kowa, washegari da safe na ga an shafe shi da farar ƙasa. Daga baya da aka zo gina katangar kamfani sai ta lanƙwasa ta kewaye shi, kamar yadda turba ke kauce wa suri.

Mu muka cire kwanon rufinmu da azara da ƙyaure da hannunmu, kafin ranar rusau. Katafila ta fara da gidan Yaya. Ya ba ta wuya, sai da ta ja baya ta sake zuwa. Yaya na tsaye a gefe da takardarta a hannu tana kaɗawa tana tsine wa direba da wanda ya aiko shi da wanda ya aiko wanda ya aiko shi, sojoji suna yi mata dariya. Namu taɓa shi kawai aka yi. Bangon da na yi shekaru ina jin tsoro ya durƙusa a hankali kamar wanda ya gaji da tsayuwa, ƙura ta tashi, shi ke nan. Tsamiya ba su taɓa ta ba, ai tana cikin zane.

Muka ɗora Baba a kan katifa a bayan motar kaya, jikarsa a cinyarsa. Muka yi nisa. Can ya tambayi maigida, "Ina muka nufa?"

"Lamadji, Baba."

"Arewa ke nan."

"E, Baba."

Baba ya ce, "Ba gabas ba."

Lamadji a lokacin fili ne da ƙaya da gonakin mutane, ruwa da nisa. Filin da aka yi wa Yaya alkawari, sai da ta bi tebur-tebur tana ajiye goro kafin a nuna mata shi, kuma rabinsa kwari ne da ruwa ke kwanciya. Duk da haka ta ce mu kafa zana a gefen tudun. "Ku yada zangonku nan, 'yan hanya, tunda kun saba." Muka kafa, muka rufa da kwanon tsohon gida da leda. A ƙarƙashin ledar nan na haifi ɗana, cikin damina, Yaya na riƙe da ni, wata mata na riƙe da tasa a kanmu tana tare ɗigon ruwa.

Ranar suna da aka watse na ce wa maigida, "Ko bulo da takarda, ko in kwashe yarana in koma gidanmu Paris-Congo." Bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Ya dube ni ya ce, "Baba fa?" Na ce ya bar mini Baba.

Tun da muka taso idon Baba ya fara rufewa. Yanar ido ta yi masa fari-fari, ɗinki ya gagara, in zai tafi sai ya dafa abu. Maigida ya yi ta faci ba hutu har ya sami ɗan fili kusa da na Yaya, ya yi masa takarda bai gaya wa kowa ba. Magini ya ɗora bulo, Baba yana can gefen Yaya yana jin ana cewa ana gini. Da magini ya gama sai na shiga nawa. Na haƙo ƙasa a kwarin Yaya, na zuba ƙaiƙayi, na kwaɓa da ƙafa da goyo a bayana, na bar ta ta kwana biyu ta ruɓa yadda uwar mijina ta koya mini kafin ta rasu. Na yaɓe ɗakin Baba ciki da waje. Na yaɓe bangon da zai dafa zuwa bayi, da wanda zai dafa zuwa ƙofar gida. Yaya ta tsaya tana kallona, ta ce ita dai ta ga masu shafa siminti bisa laka don a ce sun samu, amma mai shafa laka bisa siminti yau ta fara gani.

Ranar da muka shigo da shi ya miƙa hannu ya shafa bangon daga sama har ƙasa. Ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yaron nan bai manta ba." Maigida ya sunkuyar da kai ya fita waje.

Duk bayan damina ina sake yaɓen, don ruwa yana wanke shi, wani wurin har bulo ya leƙo. Da na ga hadari ya wuce nake zagayawa da ido in toshe kafin hannunsa ya kai wurin. Wata rana ina yi yana zaune a tabarma sai ya ce, "'Yar nan, ƙasar Lamadji tana da ƙarfi. Daminar bana duk yawanta bango bai motsa ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Har yau ban san iyakar abin da ya sani ba.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Na ga takarda a hannun Yaya ranar da katafila ta hau gidanta, na san iyakar ƙarfinta. Mutumin yana nan a kujerarsa, 'yan'uwansa suna ta ƙaruwa, an kuma ce wani sabon aikin mai zai zo ta arewa, titinsa ta kusa da mu zai bi. Motoci masu baƙin gilashi sun fara zuwa nan ma. In na ji ɗaya ta rage gudu sai in ajiye muciya in fita. Amma yarana suna kwana a ɗakin da ruwa ba ya cinyewa, tsohon nan kuma yana kwana da niyyarsa a ɗaure, biyun nan kawai na iya haɗawa.

Baba ya tsufa ƙwarai yanzu, kuma babu abin da yake so kamar baƙo mai jin Hausa, daga Kano ne ko Damagaram ko ina. In hanya ta kawo ka Lamadji aka nuna maka gidanmu, ka shigo ka gaishe shi. Zai tambaye ka labarin hanya, sannan zai kama hannunka ya ɗora a bango ya ce ka ji, mu ba mu zauna ba. Don Allah ka shafa da tafin hannu kawai, kada ka ƙwanƙwasa. Ka ce masa Allah ya kai ku lafiya.